2,147,483,647: lambar da ke fitowa a madadin lambar waya, da abin da ya haɗa ta da shekarar 2038

Me ya sa mutum zai cike fom a intanet, ya rubuta lambar wayarsa daidai, amma in an buga takardar sai a ga 2147483647 a wurin? Kuma me ya sa wanda ya cike kafinsa da wanda ya biyo bayansa duk ita ce ta fito musu? Mai aikin shigar da bayanai, ko a shagunan kwamfuta na Yelwa a Bauchi ko na Tudun Wada a Gombe, in ya daɗe a sana'ar zai iya cin karo da ita. Wasu su ce kutse aka yi, wasu su ce lambar 'yan damfara ce. Ga kuma wani batu da ke yawo a WhatsApp, cewa a shekarar 2038 kwamfutoci za su tsaya cak. Waɗannan maganganu biyu tushensu ɗaya ne, wato wannan lamba.

Tana da suna a fage biyu. Masana lissafi sun san ta shekaru ɗaruruwa kafin a ƙera kwamfuta, saboda ba ta rabuwa. Masu rubuta manhaja kuwa sun san ta a matsayin iyakar abin da wani nau'in ma'ajin lamba ke iya ɗauka. Ruɗanin da ake samu yawanci daga cakuɗa waɗannan biyun yake, a ɗauka ɗaya ne ya haifi ɗayan.

Girmanta

Ana karanta ta haka: biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Gurbinta goma ne. In daƙiƙa ake ƙirgawa, miliyan ɗaya kwana goma sha ɗaya da rabi ne, biliyan ɗaya ya kusa shekara 32, ita kuwa wannan shekara 68 ce da 'yan kwanaki. A riƙe 68 ɗin nan, za mu dawo kanta.

Asalinta kuwa ninki ne. A fara da 2, a ninka ya zama 4, sai 8, 16, 32, a ci gaba. Lamba ta goma a jerin ita ce 1,024, ta ashirin 1,048,576, ta talatin 1,073,741,824, ta talatin da ɗaya 2,147,483,648. A ɗebe ɗaya, tamu ta fito. A taƙaice ana rubuta ta 2^31 − 1.

Ajin da take ciki, da yadda ake gane shi da biro da takarda

Duk lamba ɗungurungum, wadda ba ta da rabi ko kwata a jikinta, tambayar farko da ake yi mata ita ce: su wa ke raba ta ba saura? Daga amsar nan ake sa ta a aji.

Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, ba cika ba, kuma 2 da 5 da 10 duk ba sa raba ta. Don gwada 3 da 9, a tara lambobin da ke gurabenta: 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7, ya ba da 46. In aka raba 46 da 3 saura 1, in aka raba da 9 ma saura 1, haka ita ma uwar lambar za ta bari.

Na 7 da 11 da 13 akwai dabara guda da ke gwada su tare, saboda 7 sau 11 sau 13 shi ne 1,001. A yanka lambar uku-uku daga dama: 647, 483, 147, 2. Sai a riƙa ɗebewa da tarawa bi da bi: 647 − 483 + 147 − 2, ya zama 309. Yanzu 309 za a gwada. A raba da 7, saura 1. A raba da 11, saura 1. A raba da 13, saura 10. Babu wanda ya raba ta. Inda ɗalibai ke tuntuɓe a nan shi ne yankawa daga hagu, wanda ke ɓata rukunonin gaba ɗaya in guraben lambar ba su cika uku-uku ba, kamar wannan mai gurbi goma.

Ko an ci gaba da gwaji ba za a sami mai raba ta ba, sai 1 da ita kanta. Irin wannan lamba ita ce a makaranta ake kira firam, kamar 2, 3, 5, 7, 11, 13. Wadda wasu ke iya rabawa kuwa haɗaɗɗiya ce, don an gina ta ne da ninka wasu firam.

Abin sha'awa shi ne maƙwabtanta biyu. Wadda ke bayanta, 2,147,483,646, ta fito daga 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, kuma lambobi 192 ne ke raba ta. Wadda ke gabanta, 2,147,483,648, ba komai a cikinta sai 2, masu raba ta 32. Ta tsakiya tana da biyu rak. Girman lamba bai faɗin komai game da yawan masu raba ta, kuma kusancin lambobi biyu bai sa su zama aji ɗaya.

Akwai wani rabon kuma da ake yi tun zamanin Girkawa. A tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta gaza lambar, gajiyayya ce, kamar 8, wadda 1+2+4 ya tsaya a 7. In ta zarce, mai rara ce, kamar 12, wadda 1+2+3+4+6 ya kai 16. In ta zo daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da 28. Tamu jimlarta 1 ce kacal, don haka tana can ƙarshen gajiyayyu, kamar kowace firam.

Sai wata sifa da ba a cika ambata ba. In aka raba ta da 4 saura 3, kuma lambar da ke barin 3 haka ba ta taɓa fitowa daga tara murabba'i biyu, wato lambobin da ake samu in an ninka lamba da kanta, irin yadda 13 ke fitowa daga 4+9. In aka raba ta da 8 saura 7, wannan kuma ya hana ta fitowa daga murabba'i uku. Sai an haɗa huɗu. Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu sun ishi kowace lamba, ke nan tamu tana cikin masu cin kason da ya fi yawa.

Yadda aka tabbatar ba ta rabuwa, babu na'ura

Faɗin cewa lamba firam ce abu ne mai sauƙi, tabbatarwa ce aiki. Ba a buƙatar gwada lambobi biliyan biyu. In wasu lambobi biyu ne aka ninka suka ba da ita, ba zai yiwu dukkansu su wuce 46,341 ba, domin 46,341 sau 46,341 ya riga ya kai 2,147,488,281, ya haye ta. Dole ɗaya daga cikinsu ya kasance 46,340 ko ƙasa. Kuma a cikin waɗannan ma firam kawai za a gwada, su kuwa kusan 4,800 ne. In kowane dogon rabo zai ci minti biyar, aikin awa ɗari huɗu ke nan, kuma kuskure ɗaya ya isa ya rushe shi.

Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan, ya rage aikin da ƙa'idoji biyu, ya bayyana sakamakonsa a 1772 cikin wata wasiƙa. Ƙa'ida ta farko ta samo asali daga aikin Fermat: in p firam ce mara, duk firam da za ta raba 2^p − 1 dole ta zama ninkin 2p da ƙarin ɗaya. A nan p ita ce 31, don haka mai rabawa sai dai ya fito daga jerin 63, 125, 187, 249, ana ƙara 62 kowane mataki. Ƙa'ida ta biyu: mai rabawar in aka raba shi da 8 dole ya bar 1 ko 7. Wannan ya kori 125, mai barin 5, da 187, mai barin 3, ya bar 63 da 249. Ke nan an zubar da rabin jerin. Abin da ya rage ƙasa da 46,340 bai kai 380 ba, kuma da yawa cikinsu ba firam ba ne, kamar 63 ɗin kansa, ba sai an gwada su ba. Aikin watanni ya koma na kwanaki.

Mai son ganin ƙa'idojin nan suna aiki ya ɗauki 2^11 − 1, wato 2,047. Ita tana rabuwa, 23 sau 89. Ninkin 22 da ƙarin ɗaya: 23 shi ne 22+1, 89 kuma 88+1. A raba su da 8, na farko ya bar 7, na biyu ya bar 1. Duka ƙa'idojin sun cika.

Kusan shekara ɗari bayan Euler babu wata firam da aka sani da ta fi wannan girma.

Yau da wata hanya ake bi, wadda Édouard Lucas ya fara a 1876, Derrick Lehmer ya kammala a farkon shekarun 1930. A fara da 4. A ninka ta da kanta, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura. A maimaita sau p − 2. In saura na ƙarshe sifili ne, lambar firam ce, in ba sifili ba ne tana rabuwa. Ga 31, wato 2^5 − 1, mataki uku ne: 4 ta ba da 14, 14 ta ba da 194 wanda saurarsa 8, sai 8 ta ba da 62, wanda 31 ke rabawa tas. Ga 2,047 mataki tara ne: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Bai ƙare da sifili ba, ta faɗi. A lura gwajin bai faɗi su wa ke raba ta ba, ya dai ce akwai su.

Tamu mataki 29 take buƙata, kuma malamin lissafi na iya sa 'yan aji su yi shi. Sai dai kada a yi da Excel. Matakai huɗun farko suna ba da 14, 194, 37,634 da 1,416,317,954. Na biyar yana bukatar ninka wannan ta ƙarshe da kanta, abin da ke haifar da lamba mai gurbi 19, alhali Excel gurbi 15 kawai yake riƙewa daidai, sauran ya mai da su sifili bai ce uffan ba. Daga nan duk abin da ya biyo ɓata ne, sai ɗalibi ya fito yana cewa Euler ya yi kuskure. Ƙaramin kalkuleta ma haka zai yi. Harshen rubuta manhaja na Python ba shi da wannan matsalar, layi huɗu ko biyar sun isa.

Danginta

Lambobin da ke da siffar 2^p − 1 ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe, wanda a 1644 ya fitar da jerin waɗanda yake ganin firam ne: p ta zama 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 ko 257. Ya dace a kan 31 da 127 ba tare da hujja ba, ya kauce a kan 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna cewa 2^67 − 1 ita ce 193,707,721 sau 761,838,257,287.

Sharaɗi ne p ta zama firam, amma hakan bai wadatar ba. Ga 11 mun gani. Ga 23 ma 47 na raba ta, ga 29 kuma 233. Tamu ita ce ta takwas a cikin waɗanda suka tsira. Tana kuma cikin wani ƙaramin rukuni, domin 31 ɗin da ke samanta ita ma 'yar gidan ce, 2^5 − 1. Firam huɗu kawai aka sani masu wannan ninki biyu: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1 mai gurbi 39, wadda Lucas ya tabbatar da hannu.

Kowace firam ta Mersenne tana haifar da kammalalliyar lamba guda. A ninka 3 da 2, a sami 6. A ninka 7 da 4, a sami 28. Sai 31 sau 16, wato 496, da 127 sau 64, wato 8,128. Tamu in aka ninka ta da 1,073,741,824 tana ba da 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliya ta takwas. Euclid ya nuna cewa wannan hanya tana aiki, Euler ya nuna cewa duk kammalalliya mai cika ta nan take fitowa. Ko akwai kammalalliya mara, da ko firam na Mersenne suna da iyaka, tambayoyi ne da har yau ba a warware ba.

Ana ci gaba da farautarsu ƙarƙashin shirin GIMPS da aka fara a 1996. A Oktoban 2024 aka sanar da ta 52, wato 2^136,279,841 − 1, wadda Luke Durant ya gano, mai gurbi 41,024,320. In za a buga ta ana zuba lamba 3,000 a kowane shafi, za ta ci shafi sama da 13,600, fiye da rim 27 na takarda. Ana yawan cewa irin waɗannan ne ke tsare kuɗin mutane a banki. Ba haka ba ne. Tsarin ɓoye bayanai na RSA yana amfani da firam biyu masu gurbi kamar ɗari uku kowace, kuma amfaninsu yana cikin ɓoye su. Firam da duniya ta san sunanta ba ta kulle komai.

Me ya kai ta cikin kwamfuta

Kwamfuta da 0 da 1 take rubutu, kowane gurbi ana ce masa bit. Ma'ajin lamba da aka fi amfani da shi shekaru da yawa bit 32 ne. Yawan siffofin da za a iya jerawa a gurbi 32 shi ne 4,294,967,296. An raba su biyu: 2,147,483,648 na lambobin da ke ƙasa da sifili, sauran rabin na sifili da abin da ke sama. Tunda sifili ya ci gurbi ɗaya, mafi girma ta zama 2,147,483,647. Ga inda ɗayan nan da ake ɗebewa ya tafi. A rubutun kwamfuta ita ce 0 guda a gaba, sai 1 har guda 31.

A nan ya kamata a raba zare da abawa. Zamanta iyaka bai da alaƙa da zamanta firam. Iyakar ma'aji mai bit 16 ita ce 32,767, wadda ita ce 7 × 31 × 151. Ta mai bit 64 ita ce 9,223,372,036,854,775,807, kuma 7 na raba ta, 73 da 127 ma haka. Dalili a fili yake: 15 da 63 ba firam ba ne, 31 ce ta faɗo firam. Waɗanda suka zaɓi bit 32 ninkin 8 suke bi, ba Euler ba.

Wuri guda da aka ci moriyar wannan dacen shi ne samar da lambobin canki-canka. Park da Miller sun ba da shawara a 1988 a riƙa ninka lamba da 16,807, a raba da 2,147,483,647, a riƙe saura. Saboda mai rabawar firam ce, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, jerin yana ratsa lambobi 2,147,483,646 kafin ya maimaita kansa.

In an wuce iyaka

Abu uku ne ke iya faruwa, gwargwadon yadda aka gina manhajar. Ko ta ƙi karɓa ta nuna kuskure, wanda shi ne mafi alheri. Ko ta kewayo, a ƙara 1 a kan 2,147,483,647 ta koma −2,147,483,648, kamar yadda harshen rubuta manhaja na Java ke yi. Ko ta toshe a iyakar, kamar mudu: ko buhu guda ka juye masa, cikinsa kawai zai riƙe, sauran ya zube.

Na ukun nan ne ke cin lambobin waya. Lambobin wayar hannu a Najeriya gurbi 11 ne, suna farawa da 070, 080, 081, 090 ko 091. In mai manhaja ya ajiye su a matsayin adadi, sifilin farko ya faɗi, abin da ya rage ya zama biliyan bakwai ko takwas ko tara da wani abu. Babu ko ɗaya da za ta shiga. Rumbun bayanai na MySQL, in an ba ma'ajin nau'in INT, wato na adadi mai bit 32, kuma an kashe tsauraran ƙa'idojinsa, sai ya rubuta 2147483647 ya wuce. Tun daga fitowa ta 5.7 tsauraran ƙa'idojin a kunne suke zuwa, amma akwai masu kashe su don kawai saƙon kuskure ya daina damunsu, wanda a ganinmu shi ne mafi munin gyara.

Ba kutse aka yi ba, kuma babu wanda ya karɓe layin kowa. Amma lambar asali ta tafi, ba a ɓoye take a wani wuri ba. Ko an gyara ma'ajin daga baya ba za ta dawo ba, sai an koma kan fom na takarda ko an sake tambayar masu ita. Makarantar da ke tura sakamako ta saƙon waya, ko ƙungiyar manoma da ke sanar da ranar rabon taki, za ta yi ta turawa babu wanda ya samu.

NIN da BVN su ma gurbi 11 ne. Lambar asusun banki, mai gurbi 10, ita ta fi wuyar ganewa: wadda ta fara da 1 za ta shiga lafiya, wadda ta fara da 0 za ta shiga amma ta rasa sifilinta, wadda ta fara da 3 zuwa sama za ta toshe. Mai gwadawa da asusunsa kaɗai yana iya ganin komai daidai.

Kuɗi ma akwai tarko. Al'ada ce mai kyau a ajiye kuɗi da kwabo don guje wa matsalar ɗigo, amma kwabo 2,147,483,647 naira 21,474,836 ne da kwabo 47. Shekarun baya wannan adadi ya yi wa ƙaramin kasuwanci nisa. Yau dillalin hatsi a kasuwar Muda Lawal ko mai harkar auduga da masara a Gombe na iya wuce shi a ciniki kaɗan, balle jimlar shekara ta ƙungiyar adashi. Ko da naira aka ajiye, biliyan biyu da ɗoriya ba ta ɗaukar kasafin jiha, wanda ke cikin ɗaruruwan biliyoyi.

Batun 2038

Tsarin Unix, wanda Linux da Android da na'urori da yawa suka gada, yana ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970. In an ajiye ƙirgen a bit 32, shekara 68 ɗin nan za ta cika ranar Talata 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya. Daƙiƙa ɗaya bayan haka, na'urar da ba a gyara ba za ta ɗauka tana cikin 13 ga Disamba 1901.

Masu cewa babu abin damuwa suna da hujja. Yawancin wayoyi da kwamfutocin yau sun koma ƙirge mai bit 64, wanda zai kai shekara biliyan 292. Linux ma tun fitowa ta 5.6 a 2020 ya ba ƙananan na'urori masu bit 32 damar ƙirga lokaci da 64. Suna kuma tuna fargabar shekarar 2000 da ta wuce ba a ga tashin duniya ba. Masu damuwa kuwa suna cewa 2000 ta wuce lafiya ne don an kashe kuɗi an yi gyara, kuma inda matsalar take ba wayar hannu ba ce, wadda ake sauyawa duk 'yan shekaru. Tana cikin na'urorin da ake kafawa a manta da su: na'urar naɗar hoton kyamarar tsaro, kayan asibiti, akwatin rarraba intanet, na'urorin sarrafa injina. Irin wannan ta taɓa faruwa a jirgin sama. A 2015 hukumar sufurin sama ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na'urorin kula da janaretan Boeing 787 na iya kashe wuta in sun yi kwana 248 a kunne ba hutu. A raba tamu da 100, a ɗauki abin da ya fito a matsayin daƙiƙa a mai da shi kwanaki, 248 da rabi za a samu.

Mu a nan mun riga mun ɗanɗani irinsa. Mitar wuta ta kati ta kasance tana gane kowane tokin ne da ƙirgen mintoci tun daga 1 ga Janairu 1993, a ma'aji mai bit 24. Iyakarsa minti 16,777,216, wanda ya cika ranar 24 ga Nuwamba 2024. Shi ya sa kamfanonin rarraba wuta, har da JED mai kula da Bauchi da Gombe, suka ba masu mita lambobi biyu masu gurbi 20 su shigar kafin tokin wutar. Mitoci ba su fashe ba, an dai sha layi da kai-kawo, kuma wanda ya yi sakaci mitarsa ta ƙi karɓar sabon tokin. Mafi kusa da gaskiya shi ne 2038 ma haka za ta zo, gyara a nan, sauya na'ura a can.

Sai dai ba za ta jira 2038 ba. Duk manhajar da ke lissafa ranar da ke gaba ta riga ta shiga. Ma'aikacin da aka ɗauka a 2010 zai cika shekara 35 a aiki a 2045. Takardar mallakar fili mai wa'adin shekara 99 ta yi nisa da wuce iyakar. Fasfo mai shekara goma da za a bayar daga ƙarshen Janairun 2028 zai ƙare bayanta. Nau'in TIMESTAMP na MySQL daga 1970 zuwa wannan rana ta 2038 yake ɗauka, don haka ko ranar haihuwar wanda aka haifa a 1965 ba ta shiga cikinsa.

Abin da za a gwada kafin a karɓi manhaja

Ƙa'idar mai sauƙi ce: abin da ba a tarawa ko ɗebewa ba adadi ba ne. Babu mai tara lambar waya biyu, don haka waya, NIN, BVN, lambar asusu da lambar mita duk a ajiye su a matsayin rubutu, VARCHAR a MySQL. Kuɗi a sa su a BIGINT in da kwabo ne, ko DECIMAL. Ranakun haihuwa da na ritaya a sa su a DATE ko DATETIME, masu kaiwa shekarar 9999. Cire alamar ƙasa da sifili daga INT yana ɗaga iyakar zuwa 4,294,967,295 ne kawai, wadda ba ta kai ko lambar waya mafi ƙanƙanta ba.

Shugaban makaranta ko sakataren ƙungiya da zai biya kuɗin aiki ba sai ya iya rubuta manhaja ba. Ya shigar da lambar waya, ya rufe, ya sake buɗewa ya ga ko ta dawo da sifilinta. Ya gwada lambar asusu mai farawa da 0 da wata mai farawa da 9. Ya shigar da naira miliyan 22, sannan ya shigar da miliyan 12 sau biyu ya duba jimla, domin wani lokaci kowanne na shiga amma jimlar ce ke kewayowa. Ya sa ranar 20 ga Janairu 2038, ya sa wata ta 1960. A allo kaɗai bai isa ba, a buga rahoton a takarda a duba, don sau da yawa abin da fom ya nuna daban ne da abin da ya sauka a rumbun.

Masu aiki da Excel kuma su mai da layin ya zama na rubutu tun kafin su fara shigarwa, ko su sa alamar ' a gaban lambar. In an riga an shigar da lambar katin banki mai gurbi 16 a matsayin adadi, gurbin ƙarshe ya zama sifili, tokin mita kuma ya rasa biyar na ƙarshe, kuma sauya layin zuwa rubutu daga baya ba ya mayar da su.